JATAN LANDE NA KIWO DA SINADARIN DA AKE ZUBA MASA A ABINCI: INA MUSULMI YA TSAYA?

 

'Yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu yi magana ne a kan wani ɗan ƙaramin abu, amma kuɗin da ake juyawa a kansa a duniya sun fi kasafin kuɗin ƙasashe da dama. Watau jatan lande. Da yawa daga cikinmu sun san shi busasshe, ana auna shi da mudu a Sabon Gari, uwargida ta daka ta zuba a miya. Wannan busasshen ba shi ne abin maganarmu ba, domin shi kamo shi ake yi a bakin teku, wajen Oron da sauran garuruwan gaɓa, ba mai ba shi abinci sai Ubangijinsa. Wanda muke nufi shi ne babban nan da ake kiwo a tafkuna, a daskare shi cikin ƙanƙara, a zuba a kwali, wanda alhaji kan tarar a faranti a Jidda ko Dubai, ɗan kasuwa kuma ya tarar da shi a Gwanzu, ma'aikacin gwamnati ya ci shi a liyafar taro.

Shi wannan na kiwo abincinsa daga masana'anta yake fitowa. A cikin abubuwan da ake haɗawa a wannan abinci kuwa akwai wani sinadari mai taimakon narkewar abinci, wanda masana ke kira enzayim. An san cewa wani irin enzayim daga cikin alade ake tatso shi. To, a nan ne maganar ta shigo filinmu.

YADDA KIWON YA SOMA

Mutanen tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya sun yi ɗaruruwan shekaru suna tare ruwan teku a tafkunan bakin gaɓa, duk ɗan kifi ko jatan landen da ruwa ya shigo da shi sai ya girma a ciki su kama. Kiwon zamani kuwa a Japan ya samo asali. A shekarun 1930 wani masani mai suna Motosaku Fujinaga ya sami nasarar sa jatan lande ya yi ƙwai a cikin tanki, amma sai a shekarun 1960 abin ya zama sana'a. A 1968 aka yi irin wannan nasara a Taiwan a kan wani jinsi babba mai zane-zane a baya, a ƙarshen shekarun 1960 ɗin nan kuma mutanen Ikwado, can Amurka ta Kudu, suka fara haƙa tafkunansu.

Daga nan abin ya yi ta bunƙasa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an girbe tan miliyan 6.8 na jinsi ɗaya tak, watau mai fararen ƙafafu, a wannan shekara kuma Ikwado kaɗai ta fitar da fiye da tan miliyan ɗaya zuwa kasuwannin waje. Sin da Indiya da Biyetnam da Tailan duk suna sahun gaba. Abin lura gare mu shi ne, a cikin masu wannan kiwo akwai ƙasashen Musulmi: Indunusiya da Bangaladash da Malesiya da Iran, har da Sa'udiyya, wadda ke da babbar gona a Al-Lis, kudu da Jidda, a bakin Bahar Maliya. Saboda haka dubun dubatar masu tambayar da muke yi a yau 'yan'uwanmu ne, kuma su abincinsu da na iyalinsu a kan amsar ya rataya.

Sana'ar ba ta tafi sumul ba. A 1988 cuta ta rusa kiwon Taiwan. A 1993 cutar farin tabo ta yi wa Sin mummunar ɓarna, ta isa Ikwado a 1999. Sa'an nan a 2009 wata sabuwa ta ɓulla a Sin, mai kashe 'ya'yan jatan lande cikin wata guda da zuba su a tafki, ta shiga Biyetnam a 2010, Malesiya a 2011, Tailan a 2012, har abin da Tailan ke girbewa ya ragu da kimanin rabi. Sai a 2013 masana a Jami'ar Arizona ta Amurka, ƙarƙashin Donald Lightner, suka gano ƙwayar bakteriyar da ke jawo ta. Ita wannan cuta gaɓar narkar da abinci take kamawa, shi ya sa tun daga lokacin masu kiwo suka ƙara mai da hankali ga lafiyar cikin dabbar da abin da ke shiga cikinsa.

CIKIN JATAN LANDE

Halittar jatan lande abin mamaki ce ga mai tunani. Tumbinsa a cikin kansa yake, a cikin tumbin kuma akwai wasu 'yan haƙora masu niƙa. Kusa da nan akwai wata gaɓa guda wadda ke yin aikin da hanta da fankiriyas ke yi a jikin mutum. Ita ce ke fitar da ruwan narkar da abinci, ita ce kuma ke tsotse amfaninsa ta ajiye. Tumbinsa ba shi da tsami mai ƙarfi irin na mutum ko na kaza, hanjinsa gajere ne miƙaƙƙe, abin da ya ci kuwa cikin awa ɗaya ko biyu ya fita. Ga shi kuma da cin abinci a hankali: yakan riƙe ƙwayar abincin da ƙananan ƙafafunsa yana gutsura, ruwa kuwa yana ta wanke wani abu daga cikinta.

A teku ƙananan halittu yake ci, da tsutsotsi da ruɓaɓɓun abubuwan ƙasan ruwa. Da aka kawo shi tafki sai aka haɗa masa abinci mai furotin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, a da kuwa babban abin da ke ba da wannan furotin shi ne garin kifi. Matsalar ita ce, sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari. Ƙasar Feru ita ce uwa wajen wannan gari. A 1970 ta kama fiye da tan miliyan 12 na ɗan ƙaramin kifin da ake yin sa da shi, amma a 1972, saboda ɗumamar ruwan teku da yawan kamu, kifin ya yi ƙasa warwas. A 2023 ma sai da gwamnatin ƙasar ta soke zangon farko na kamun. Duk lokacin da haka ta faru farashi kan tashi a duniya baki ɗaya. Mu ma nan Afirka ta Yamma abin ya taɓa mu, domin masana'antun garin kifi a Muritaniya da Sanagal da Gambiya suna niƙa irin kifin nan ne mai araha da talaka ke saye ya yi miya.

Tun da yake abinci ne ke cinye fiye da rabin kuɗin da mai kiwo ke kashewa, sai aka koma ga tsirrai, musamman tunkuzar waken soya, watau abin da ya rage bayan an matse mai, da garin alkama da dusa. Sai dai ba don wake aka halicci cikin jatan lande ba. A cikin waken soya akwai wani abu da ke toshe aikin ruwan narkar da furotin idan ba a gasa waken sosai ba. Akwai ɓawo da dusar da cikin dabbar ba ya iya fasawa. Sa'an nan kusan kashi biyu bisa uku na sinadarin fosfaras da ke cikin ƙwayar hatsi da wake a ɗaure yake cikin wani ƙulli da ake kira faitet, wanda ba ya sakin fosfaras ɗin, har ma yakan riƙe wasu ma'adinan da wani ɓangare na furotin. Abin da bai narke ba kuwa ƙasan tafki yake komawa ya ruɓe. An auna an ga cewa kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai na naitirojin ɗin da ke cikin abinci yake zama nama, na fosfaras ma bai kai haka ba. Sauran shi ke ɓata ruwa, ruwa in ya ɓaci kuwa cuta ta sami ƙofa.

MENENE ENZAYIM?

Kada sunan ya ba mu tsoro, domin iyayenmu sun daɗe suna aiki da shi ba tare da sun raɗa masa suna ba. Uwargidan da ta naɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda don ya yi laushi, da enzayim ta yi aiki. Bafulatanar da ta sa tumfafiya a madara ta daskare ta zama cuku, haka. Mai kunun zaƙi da ta zuba tsiro ko garin busasshen dankali, kunu mai kauri ya tsinke ya yi zaƙi, ita ma haka. Mai daddawa kuwa, da ta dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku, wata ƙwayar bakteriya ce take ba masauki, ƙwayar ta fitar da enzayim ya narkar da furotin ɗin kalwar. Dangin wannan ƙwaya ta daddawa ne ake renon su a manyan tankunan masana'antu don samun enzayim mai narkar da furotin.

A taƙaice, enzayim wani nau'in furotin ne da halitta mai rai ke yi, aikinsa shi ne ya gaggauta warwarewar wani abu, shi kuwa ya fito yadda ya shiga. Kowanne da abin da yake warwarewa, kamar makulli da kwaɗonsa. Wanda ake kira furotiyez furotin yake yankawa. Amilez sitaci yake mayarwa sukari. Lifez mai yake warwarewa. Zailanez da 'yan'uwansa ɓawo da dusa suke fasawa. Faitez kuwa shi ke kwance ƙullin nan da ya ɗaure fosfaras. An fara sayar da faitez a 1991 a ƙasar Holan, inda kashin dabbobi ya cika ƙasa da ruwa da fosfaras har hukuma ta sa doka. Daga kaji da aladu aka kawo dabarar ga kifi da jatan lande.

Abin da ake zubawa kaɗan ne ƙwarai, 'yan giram ɗari kaɗan a cikin tan guda na abinci. Idan ya yi aiki, mai kiwo zai iya rage garin kifi, ya rage fosfaras ɗin da yake saye ya ƙara, abincin da ake bukata don samun kilo ɗaya na nama ya ragu kaɗan, ruwan tafki kuma ya daɗe bai ɓaci ba.

Amma fa mun ce idan ya yi aiki, gama akwai tarnaƙi uku. Na farko zafi. Abincin jatan lande sai an niƙa shi lilis an turara shi da zafin da kan kai digiri 90 ko fiye, don ya daɗe a ruwa bai wargaje ba, enzayim kuwa kamar ƙwai yake, in ya dahu ya dahu ke nan. Don haka ko dai a nemi irin da ke jure zafi, ko a lulluɓe shi, ko a fesa shi bayan abincin ya huce. Na biyu ruwa. Wanda aka fesa a bayan ƙwayar abinci shi ne ruwa ke fara wankewa kafin dabbar ta gama gutsura. Na uku, yawancin faitez a wuri mai tsami ya fi aiki, kamar cikin kaza, mun kuwa faɗa cewa cikin jatan lande ba haka yake ba. Wannan ya sa gwaje-gwajen da aka yi a kan jatan lande ba su zo da sakamako iri ɗaya ba: wasu sun nuna ƙarin girma a fili, wasu kuwa ba su nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Enzayim taimako ne ga abinci mai kyau, ba ya mai da gurɓataccen gari ya zama na kirki.

DAGA INA AKE SAMO SHI?

Hanyoyi uku ne. Akwai na tsirrai, kamar na gwanda da na abarba. Akwai na dabbobi: fefsin daga tumbi, fankiriyatin daga fankiriyas, kuma gaskiyar magana ita ce yawancin waɗannan biyu da ke kasuwar duniya na alade ne. Sa'an nan akwai na ƙananan halittu, watau funfuna da bakteriya. Tun a 1894 wani Bajapane mai suna Jokichi Takamine ya yi rajistar hanyar samun enzayim daga funfuna a Amurka. Wannan hanya ta uku ita ce ta mamaye abincin dabbobi, saboda ta fi araha kuma ana samun ta da yawa. Faitez da zailanez na kasuwa daga ƙananan halittu suke, haka ma mafi yawan furotiyez. Wannan bushara ce, kuma ya kamata a faɗe ta a fili don kada mutane su shiga waswasi a banza.

Duk da haka maganar ba ta ƙare a nan ba, domin ita ƙwayar da ake reno sai an ba ta abinci, a nan ne kuma wani lokaci abin ƙi ke shigowa ta bayan gida. Abin da ya faru a Indunusiya ya isa misali. A ƙarshen shekarar 2000 Majalisar Malaman ƙasar ta gano cewa masana'antar Ajinomoto ta can ta sauya abincin da take renon ƙwayar bakteriyarta da shi, ta koma ga wani da aka yi da waken soya, amma an narkar da waken ne da enzayim na alade. Babu ɓurɓushin alade a cikin farin garin da ke isa kasuwa, duk da haka majalisar ta ce haram ne, domin an yi amfani da alade a hanya. A watan Janairu na 2001 aka kwashe kayan daga kantuna. Shugaban ƙasar na lokacin, Abdurrahman Wahid, wanda shi kansa malami ne, ya ce a ganinsa halal ne. Kamfanin dai ya sauya hanyar, aka mayar masa da takardar shaida. Wannan ya shafi masana'antar Indunusiya ce a wancan lokaci, mun kawo shi ne don a ga cewa malamai biyu masu tsoron Allah suna iya duban abu ɗaya su rabu a kan hukuncinsa.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Mu ɗauki maganar daki-daki.

Shi jatan lande a kan kansa, a mazhabar Imam Malik da ta Shafi'i da ta Ahmad, halal ne ba tare da yanka ba, bisa ga aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, da hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa game da tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Hanafawa su ne suka taƙaita halaccin ga kifi kawai, sa'an nan suka saɓa a tsakaninsu ko jatan lande kifi ne ko ba kifi ba, da yawa daga cikin na baya kuma sun halatta shi, suna dogara da malaman lugga da suka lissafa shi cikin kifaye.

Sai maganar dabbar da ke cin ƙazanta, wadda ake kira jallala. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani a kan cin namanta da shan nononta, an kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare irin wannan kaza kwana uku kafin ya yanka. Hambalawa sun ɗauki hanin a kan haramci idan najasa ce mafi yawan abincinta, har sai an tsare ta an ba ta mai tsarki. Shafi'awa da Hanafawa sun tafi a kan karhanci idan warin ƙazantar ya bayyana a naman. Malikawa kuwa sun halatta, kamar yadda Shehu Halil ya lissafa ta cikin abubuwan da aka yarda a ci. To, idan muka auna 'yan giram a cikin tan guda, wanda ba ya sauya wari ko ɗanɗano ko launi, za mu ga cewa ko a mazhabar da ta fi tsanantawa jatan landen bai zama jallala ba saboda enzayim.

Akwai kuma maganar rikiɗa, wadda malaman fiƙihu ke kira istihala, kamar giya ta koma khal don kanta. Hanafawa da Malikawa da Ibn Taimiyya sun faɗaɗa ta, Shafi'awa kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye a Indunusiya da Malesiya, sun ƙuntata ta. A nan akwai wani abu mai kyau a lura da shi. Enzayim na alade da ke cikin buhu bai rikiɗa ba, yana nan yadda aka tatso shi, ai da ya rikiɗa da ba zai yi aikin da aka saye shi dominsa ba. Amma idan ya shiga cikin dabbar, ko dai ya narke kamar kowane furotin ko ya fita da kashi, ba ya taruwa a cikin nama. Watau hukuncin buhu dabam, hukuncin faranti dabam.

Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar ga ɗan kasuwa. Haramcin alade ya zo a wurare huɗu a Alƙur'ani: Baƙara 173, Ma'ida 3, An'am 145 da Nahl 115. Hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim kuma ya haramta cinikinsa. Malikawa sun sharɗanta tsarki ga abin sayarwa, sun kuma bambanta tsakanin abu mai tsarki da najasa ta faɗa wa, wanda ana iya ba dabba, da abin da shi kansa najasa ne. Hukumomin fatawa na ƙasashen da ke kiwon ma ta wannan fuska suka duba. A 2006 kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya ya ce kifin tafki da aka ciyar da najasa da gangan, kamar naman alade ko mushe, haram ne. A 2012 Majalisar Malaman Indunusiya ta ce dabbar da najasar da ke abincinta ba ta rinjayi mai tsarki ba halal ce, amma abincin dabbobin da aka gauraya da wani abu na alade haram ne, ba ya halatta a yi cinikinsa.

Abin da muka fahimta ke nan: mai ci yana da yalwa, ba a ɗora masa binciken abin da ke bayan teku ba. Mai shigo da kaya da mai haɗa abincin da mai sayar da shi kuwa, su suna da ikon sani da ikon zaɓi, tun da yake na funfuna da na bakteriya suna nan a kasuwa, babu lalurar da za a fake da ita.

INDA GIZO KE SAƘA

Za mu yi wa masu karatu rowa idan muka bar su da zaton cewa enzayim ne babbar ƙofar da alade ke shigowa. Ba shi ba ne. A wajen neman abin da zai maye gurbin garin kifi, masana'antu da yawa sun koma ga garin jini da garin nama da ƙashi daga mahautan Turai da Amurka. Tarayyar Turai ta hana sa irin wannan garin nama a abincin dabbobi a 2001 saboda cutar haukan shanu, amma daga watan Yuni na 2013 ta yarda a sa na alade da na kaji a abincin kifi da jatan lande. Shi wannan da kilo ake zuba shi a tan, ba da giram ba. Wanda ya tsaya yana tankaɗe enzayim ya bar garin jini ya wuce, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Wannan kuwa bai tsaya ga jatan lande ba. Irin waɗannan sinadarai da irin wannan gari su ne ke shiga abincin tarwaɗa da na kajin gidan gona da ake kiwo a Kano da Kaduna da Ibadan. Ashe maganar da muka ɗauko daga gaɓar Jawa ta dawo har ƙofar gidanmu.

AMANA A WUYAN WA?

Ga 'yan kasuwa masu shigo da waɗannan kaya, shawararmu ita ce a riƙa tambaya a rubuce: daga wace halitta aka samo wannan enzayim, da me aka reni ƙwayar, da me aka lulluɓe shi, garin naman kuma na wace dabba ne? Kamfanonin kirki suna da waɗannan amsoshi a takarda, da yawansu ma suna da shaidar halal, domin kasuwar Indunusiya da ta Malesiya ta koya musu. Wanda ya ƙi amsawa, ƙin nasa ma amsa ce. Matambayi dai ba ya ɓata.

Sa'an nan akwai haramcin da ba na alade ba, wanda mun fi saurin mantawa da shi, watau algus. Enzayim yana da kwanan mutuwa, zafi da laima suna kashe ƙarfinsa. Buhun da ya yi wata da watanni a rumbun kwano cikin zafin bazara zai iya zama gari kawai, ido kuwa ba ya bambance mai rai da matacce. Wanda ya san haka ya sayar wa mai kiwo a kan farashin mai ƙarfi ya ci dukiyar ɗan'uwansa da ɓarna, ko da kuwa tambarin halal goma ne a jikin buhun. Haka wanda ya yi wa talaka alkawarin cewa kifinsa zai ninka girma, alhali ya san amfanin abin kaɗan ne kuma da sharaɗi. Mai kiwon nan sau da yawa bashi ya ci ya haƙa tafkin.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, musamman na kwastan da na ma'aikatun gona da na Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 kuma rajistar irin waɗannan kaya ke hannunta, ku sani mai kiwo ba shi da ɗakin gwaji, mai ci kuma ba shi da hanyar sani. Sa hannunku shi ne idonsu. Indunusiya ta yi dokar tabbatar da halal a 2014, ta ɗora nauyin a kan hukuma. Ko babu irin wannan doka, wanda aka ba amanar duba takarda ya sa hannu bai duba ba, akwai ranar da za a tambaye shi.

Muna kuma roƙon malamanmu da su zauna da masana kimiyyar abinci kafin su yanke hukunci a kan irin waɗannan sababbin al'amura, domin hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. Haramta halal laifi ne kamar halatta haram, kuma kalma ɗaya daga bakin malami tana iya rufe sana'ar mutum dubu.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya tsarkake mana abincinmu da cinikinmu, Ya sa mu wadatu da halal ɗinSa.